Jinin Zoɓo

Ranar Alhamis ce, kwana na uku da muka fara bugun shinkafa. Na dawo daga sallar asuba na tarar da Sanusi tsugune a bakin murhun Inna yana dama wani abu a tukunya. Zoɓo ne ya dafa har ya yi kauri, ya zuba masa sitaci, yana ɗagawa da ludayi yana duba yadda yake zuba. Jini yake haɗawa. Ya ce da la'asar, in an tashi daga aiki, abokansa za su zo fadama su ɗauki fim, kuma shi za a harbe.

Na ce masa ai dama, wa za a harbe in ba shi ba. Inna ta ce ya wanke mata tukunya kafin ya fita. Ya juye zoɓon a gorar ruwa ta roba, ya ɗaure murfin, ya cusa ta a aljihun rigarsa. Da idona na ga ya cusa ta.

Sanusi ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara bakwai tsakaninmu. Ƙauyenmu yana tsakanin Ka'oje da iyakar Benin, kuma tun kakanni shinkafa muka sani. Shi kaɗai ya fita daban. Tun yana saurayi yake tafiya gidan kallo a Bagudo, can ya haɗu da wani Bature a cikin finafinan yaƙi da ake fassarawa da Hausa. Dattijo ne mai faɗin fuska da furfura, kullum shi ne shugaban sojan abokan gaba, kullum kuma sai an kashe shi kafin fim ya ƙare. Sanusi ya bi diddiginsa a waya. Ya ce mutumin ƙasar Sabiya ne, a dandalin wasan kwaikwayo ya fara, yaƙi ya wargaza ƙasarsu, ya fita waje neman aiki, ba a taɓa ba shi komai ba sai mugu. Har ya tsufa yana mutuwa a fim, kuma a cewar Sanusi duk duniya ba wanda ya iya mutuwa kamarsa.

Da haka aka laƙaba wa ƙanena suna Ɗan Sabiya. Da samarin Bagudo suka fara ɗaukar ƙananan finafinai da waya, kowa yana son ya zama jarumi, shi ya ce a ba shi wanda za a kashe. Ya kwaikwayi faɗuwar dattijon nan. Gwiwa ɗaya ta fara sauka, sai kafaɗa, sai hannun hagu ya buɗe a hankali, yatsa bayan yatsa. Ni abin haushi yake ba ni. Ƙato da shi, ana neman hannu a gona, yana can yana birgima a ƙasa yana ɓata riga.

Sau ɗaya ya taɓa jana cikin fim ɗinsu. Sun rasa wanda zai yi gawa, ya roƙe ni har na gaji na kwanta. Sau huɗu ana sakewa saboda ni. Na runtse ido, ya ce gawa ba ta runtse ido. Na sosa ƙafa, ya yi kamar zai yi kuka. Ya tsuguna kaina ya ce, “Yaya, kak ka gyara kwanciya. Yadda kaf faɗi, haka za ka zamna. Numfashi da ciki, kaɗan-kaɗan. Kuma ba ka tashi sai ka ji an ce kat, an gama ɗauka.” Na tashi na kakkaɓe rigata na ce ba ni ba wannan shirme har abada.

Mu shida muka sauka fadama da ƙarfe bakwai: ni, Sanusi, maƙwabcinmu Malam Garba, da 'yan ƙwadago uku. Muka shimfiɗa tamfol, muka kwantar da gangunan ƙarfe biyu, muka fara buga dami. Jakar abincinmu tana rataye a jikin ƙiryar da ke bakin gona. An yi wata biyu ana jin labarin mutanen daji, sun kore shanu a can, sun tare hanya a nan. Mun ce mu ba mu da shanu.

Sha ɗaya da rabi na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙarar tana tahowa daga arewa, ta hanyar da ba mai bin ta da babur sai ɗan gari. Ganga ɗaya ta yi shiru, sai ɗayar. Malam Garba ya sa hannu a goshi yana hange. Suka ɓullo daga bayan ƙirya, bibbiyu a kan kowane babur, fuska a naɗe.

Ba su tambayi komai ba. Harbin farko ya sami ɗaya daga cikin 'yan ƙwadago yana riƙe da dami. Sauran biyun suka zuba da gudu cikin gona, aka bi su. Malam Garba yana kusa da ni, tazarar hannu. Na ji wani abu mai ɗumi ya watsu a fuskata, ya faɗo kaina, muka zube tare. Ƙafafuna suna neman tashi su gudu. Sai na ji muryar Sanusi ta keta harbin.

“Yaya, mutu!”

Na mutu. Hannuna na dama ya lanƙwashe ƙarƙashina, ban gyara shi ba. Kuncina yana kan karan shinkafa, idona rabi a buɗe. Ta nan na ga Sanusi ya yi taku kaɗan zuwa wajen ƙirya. Bindiga ta yi ƙara sau biyu. Gwiwarsa ɗaya ta sauka, sai kafaɗa. Hannun hagu ya buɗe a hankali, yatsa bayan yatsa. Na san faɗuwar nan kamar yadda na san ƙofar ɗakina. A raina na ce Alhamdu lillahi, yaron nan ya yaudare su.

Wani ya zo kaina. Takalmin roba ne baƙi, ɗaya ya tsage an ɗinke shi da waya. Ya shuri haƙarƙarina. Na bar jikina ya tafi ya dawo kamar buhu. Ya sa bakin bindiga ya ture hulata, ya tsaya. Ina jin numfashinsa, nawa kuma ina fitar da shi da ciki, kaɗan-kaɗan. Wani ya yi masa tsawa daga nesa, “Buhunna! Ku ɗauko buhunna!” Takalmin ya juya ya tafi.

Tsoro ban taɓa jin irinsa ba. Fitsari ya kufce mini, na bar shi ya zuba. Ƙudaje suka taru a kan jinin Malam Garba da ke fuskata, ɗaya ya shiga gefen idona ya zauna. Tururuwa suka hau wuyana suna cizo. Rana ta tsaya a tsakiyar kai. Na ji babura da yawa sun tashi sun nufi gari, bayan ɗan lokaci harbi ya fara daga can, sai ihun mata, sai warin hayaƙi. Matata Hajara tana can, da 'ya'yana biyu, da Inna wadda gwiwa ba ta barinta ta yi sauri. Ina kwance ina ji, ba ni da ikon ko motsa yatsa. Lokacin azahar ya zo ya wuce, ba a kira salla ba.

Wajen ƙarfe biyu na gane mutum biyu kawai aka bari, suna zaune a inuwar ƙirya suna gadin buhunan shinkafarmu, sun ba mu baya. Ɗaya ya kunna rediyo. Akwai hanyar ruwa a gefen gonarmu ta yamma, mai zurfi, ciyawa ta rufe bakinta. Na zame daga ƙarƙashin Malam Garba na fara jan ciki. In na ja kamu ɗaya sai in sake mutuwa, in saurara, in ƙara ja.

Hanyata ta bi ta gefen Sanusi. Yana kwance yadda ya faɗi, bai gyara ko gashin ido ba. Ja ya jiƙe rigarsa daga aljihu har cinya, ya taru a ƙarƙashinsa, mai kauri. Na tuna gorar da ya cusa a wannan aljihun. Wallahi a cikin wannan hali sai da na ji alfahari da shi, na ce har zoɓon ya samu ya fasa. Warin jini kuwa yana hancina tun sha ɗaya da rabi, komai warinsa yake yi mini.

Na kai bakina kusa da kunnensa na ce, “Kat. Taso mu tahi.”

Idonsa ya motsa ya dube ni. Leɓensa ya buɗe kaɗan.

“Tahi, Yaya. In mun tahi mu biyu, za a gan mu. Ina biye.”

Na ga gaskiyarsa. Na ce ya ba ni ɗan lokaci sannan ya biyo, mu haɗu a rafin iyaka. Ya mayar da idonsa inda yake. Na ci gaba da jan ciki har na zame cikin ruwa.

Ruwan ya kai mini ƙirji. Na bi shi a sunkuye, laka tana riƙe ƙafata, takalmina ya tafi tun a farko. Ƙarfe uku da rabi na fito bayan gari. Rumbuna suna ci da wuta. Ban shiga ba, domin ina jin babura a ciki. Na ga sawun mutane da yawa ya nufi yamma, da zani ɗaya a yashe, da kwanon da aka zubar da tuwonsa. Na bi sawun da gudu, ƙaya tana shiga ƙafata ban tsaya cirewa ba.

La'asar sakaliya na cim musu a bakin rafi. Hajara tana goye da ƙaramin, tana jan babbar da hannu. Inna tana zaune a ƙasa ta ce ita ta gama tafiya, a bar ta nan. Da ta ga fuskata ta fasa salati. Na ce ba jinina ba ne. Ta ce ina Sanusi.

“Shina nan lahiya, Inna. Wasa shikai musu. Har jinin nan nai na zoɓo ya zuba.”

Inna ta yi dariya, hawaye yana zuba. Ta ce ashe shirmen nan yana da rana. Na tsaya bakin rafin ina kallon gabas har sauran mutane suka fara yi mini faɗa. Na goya Inna muka tsallaka.

Ana kiran magariba muka shiga wani ƙauye a cikin Benin. Dendanci suke yi, amma dattawansu suna jin Hausa. Suka buɗe mana ajin makaranta, suka kawo tabarmi da tuwon masara. Inna ta raba nata biyu, ta rufe rabi da faifai, ta ce na Sanusi ne, zai iso da yunwa.

Ranar Juma'a ma Inna ta rufe masa tuwo. Ranar Asabar ta rufe masa. Duk babur ɗin da ya shigo sai na fita. Na ari waya na kira lambarsa ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Duk wanda ya iso daga baya na tare shi da tambaya, ba wanda ya bi ta fadama. Ni ne nake ba mutane haƙuri, ina cewa ba su san Ɗan Sabiya ba, yana iya kwana biyu a kwance in ya ga dama, wataƙila Ka'oje ya nufa. Na faɗa, na sake faɗa.

Ranar Lahadi aka ce jami'an tsaro sun shiga yankin. Mu goma sha ɗaya muka koma da hantsi, da fartanya da shebur. Sauran suka shiga gari, ni na wuce fadama.

Buhunan babu. Tamfol yana nan, da gangunan. Jakar abincinmu tana rataye a jikin ƙirya, an zazzage tuwon an bar ta. Na sa hannu ciki na taɓa roba. Gorar ce. Ya cire ta daga aljihu ya ajiye a inuwa don kada rana ta lalata masa, ban ga lokacin da ya yi ba. Zoɓon ya yi tsami har gorar ta kumbura. Murfin yana ɗaure yadda ya ɗaure shi a bakin murhun Inna, ko ɗigo bai fita ba.

Na zauna a ƙasa. Da na tashi na je inda na bar shi. Ƙasar wurin ta yi baƙi, amma ba ya nan. A raina na ce ya tashi, ya tafi. Sai na ga karan shinkafa ya kwanta a layi ɗaya, kusa da layin da na bari da cikina. Na bi shi. Yana bakin hanyar ruwa, daidai inda na zame na shiga, hannunsa ɗaya a cikin ciyawa. Ya biyo ni kamar yadda ya ce.

Mutum biyar muka binne daga fadama a ranar, ban da na cikin gari. Ni na faɗa wa Inna. Ba ta tambaye ni komai ba, har yau. Da aka kawo tuwo ta ɗauki faifan ta riƙe, sannan ta ajiye shi gefe.

Abokansa sun turo mini finafinansa a waya. Sau takwas ya mutu a cikinsu, ban iya kallon ko ɗaya har ƙarshe ba. Abin da na ƙirga da kaina shi ne tazarar da ke tsakanin baƙar ƙasar nan da bakin ruwa. Taku goma sha tara ne. Inna na goya ta fiye da awa ɗaya, kuma ta fi shi nauyi. Na juya na sake takawa daga bakin ruwa zuwa inda na ce masa kat, ko na yi kuskure. Goma sha tara ne.