Abdulmuhaimin, Tafintan ’Yan Malabo a Naif

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah Ya yi wa Malam Abdulmuhaimin Ɗanbatta rasuwa a Dubai, bayan gajeruwar jinya.

Malam, shagonka na aika kaya yana jikin nawa a unguwar Naif ta Dubai, ta nan na san ka. Ka yi ƙuruciyarka a Malabo ta Ikwatoriyal Gini, can ka iya Sifaniyanci, don haka ’yan kasuwar ƙasar in sun zo sarin takalma da jakunkuna, wurinka suke sauka.

Kai ka koya mana gaishe su. Ka ce wajen ce wa mutum “kai” ko “ke”, “tú” na aboki ne da yaro, “usted” kuwa na babba da baƙo, kamar yadda ba ma kiran sunan dattijo gatsal. Shawararka ita ce mu fara da “usted”, har mai shi ya sauke mana da kansa.

Akwai wata dattijuwa cikin baƙinka, Mama Consuelo, da ciwon ciki ya kayar a kasuwa. Ni da kai muka kai ta asibiti. Likitoci suka ce sai tiyata a ranar. Aka nemo wata matashiyar likita ’yar Sifen ta yi mata bayani, ta yi ta ce mata “tú”. Dattijuwa ta juya wa bango fuska, ta ƙi yarda a yi aikin. Ta ce wadda ba ta ga girmanta tana farke ba, ba za ta gani tana sume ba.

Ba ka ba kowa laifi ba. Ka gaya wa likitar yadda kalmar ta faɗa a kunnen tsohuwa. Ita kuma tsohuwar ka shaida mata cewa a Sifen matasa na yawan cewa “tú” don jawo mutum a jika, ba don raini ba. Ka ce, “Mama, ’yarki ce, bakin garinsu ta yi.” Likitar ta dawo ta gaishe ta da “usted”, aka yi aikin. Har yanzu Mama Consuelo tana zuwa sari.

Ina miƙa ta’aziyya ga matarka Mahfuza, da ’ya’yanka Bashar da Nana Firdausi, da ’yan’uwa na Ɗanbatta. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.