Maganar Bakin Ƙofa

Har yau ban manta da ranar Talatar da Malam Illa ya zo mana zuwansa na ƙarshe ba. Lokacin ina ma'aikacin jinya a sashen masu damuwar zuciya na wani asibiti a Arlit, ƙarƙashin likitarmu, Lokotoro Ramatu. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ba allura muke yi ba. Mutum ya zauna ya yi magana, likita ta saurara, iyakarta ke nan. Kowa da randebunsa, wato lokacin da aka ba shi, in lokaci ya cika a tashi, ko ana tsakiyar zance. A shekarar muna ɗaukar hirarrakin a na'ura da izinin masu su, don mu saurara daga baya mu ga inda muke kuskure.

Malam Illa mutumin Tahoua ne, direban manyan motocin ramin uranium. Tun da abokin aikinsa ya rasu a hatsari a gaban idonsa barci ya ƙaurace masa, tuƙi ya fara gagarar sa. An ba shi wa'adi: ko ya warke, ko a sallame shi daga aiki. Ga iyali a wuyansa.

Amma in ya zauna, sai gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya yi zancen tsadar gero. In likita ta taɓo hatsarin sai ya ce, "Lahiya lau, Lokotoro, sai godiya." Haushi ma yake ba ni, ina cewa a raina mutumin nan hira ya zo yi.

Ranar nan lokaci ya cika, ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. "Lokotoro, dama akwai wata ƴar magana da nika son in hwaɗi."

Ta dubi agogo, ga wani na jira a benci. Ta ce masa cikin ladabi, "Baba, riƙe ta, da ita za mu fara Talata mai zuwa." Haka ƙa'ida ta ce, haka aka koya mata. Ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Bai dawo ba. Kafin Talatar ta zo, wa'adinsa ya cika, aka sallame shi daga aiki, ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Na bi tasha ina tambaya, ba wanda ya san inda ya sauka.

Da muka zauna sauraron hirarrakinsa, sai muka gano kuskurenmu. Kusan kowace hira ƙarshenta ɗaya: ƙarar kujera, takun ƙafa, muryarsa daga nesa tana cewa "Dama...", sai na'ura ta mutu. Lokotoro Ramatu ta cire tabaranta, ta ajiye a kan tebur.

Mu duka ƴan ƙasa ne, mun san mutanenmu ba sa zube babbar magana a zaune. Sai an yi sallama, an taka musu rakiya, sannan su faɗi abin da ya kawo su. A gida mun sani, a asibiti muka bi littafi. Abin ya dame ni ƙwarai, har yanzu yana damuna.

Ku da kuka shigo aikin nan, in mutum ya tsaya a ƙofa ya juyo, ku ajiye agogo ku koma ku zauna. Wani ba shi da Talata mai zuwa.