Ranar da Na Ce Littafin Rabi Ya Ƙare

Jiya ƙanwata Rabi ta dawo daga suna a Randagi, ko mayafi ba ta cire ba ta karɓi wayarta. Ni ta bar wa, don can babu sabis, ga shi tana sayar da ɗan littafin da ta rubuta kan haɗa man kaɗanya, wanda ake tura wa mai saye ta waya.

"Yaya, mutum nawa suka saya?"

"Mace ɗaya. Sauran na ba su haƙuri, na ce ya ƙare."

Ta sulale ta zauna a kan tabarma. "Ya ƙare? Ba ga shi nan a wayar ba?"

"Ai wannan na waccan baiwar Allah ne. Abin da aka sayar wa wani ba a sake sayar da shi, haka aka koya mana."

"To Yaya, da Malam ya koya miki Tabaraka, ƙarewa ta yi a kansa? Na bayanki ba su samu ba?"

Yau tun safe nake bin matan nan ɗaya bayan ɗaya, ina ba su haƙuri karo na biyu.

'Yan uwa, akwai wadda ta taɓa korar halal don gudun haram, ko ni kaɗai ce?