Farin Yadin Inna da Juma'ar Riyad

Tun da na zo Riyad, abu ɗaya tak Inna ta taɓa roƙona. Ƙannena sun nemi waya, matata ta nemi abaya mai duwatsu, har wani abokina da muka shekara shida ba mu gaisa ba ya tuna da zumunci, ya aiko yana son agogo. Ita kuwa mahaifiyata, ina wata na uku da zuwa, muna cikin waya ta ce, "In ka samu mai tahowa gida, ka aiko mini da farin yadi. Na likkafani."

Na ce, "Haba Inna, wane irin zance ne wannan da sassafe?"

Ta ce, "Zancen da ba ya jiran yamma. Ka saya a can da hannunka, ka aiko."

Na ɗauka irin tunanin tsofaffinmu ne, da suke ganin duk wanda ke Saudiyya in ya buɗe taga Ka'aba yake kallo. Na sha yi mata bayani cewa daga Riyad zuwa Makka tafiyar yini guda ce a mota, ta ce ai duk ƙasa ɗaya ce. Na ce to, an gama. Mene ne wahalar farin yadi a garin da mazansa kaf fari suke sawa?

Direban gida nake a unguwar Nasim. Kwana shida ina kan sitiyari: kai yara makaranta, ɗauko su, kai uwargida kasuwa, in zauna a mota ina gadin iska har ta fito. Juma'a ce kaɗai tawa, kuma ba na wasa da ita. Da na yi sallar asuba nake jan bargo, ba abin da ke tashe ni sai kiran farko na masallaci. Wata biyar na yi a haka, don haka ban taɓa ganin fuskar Riyad da safiyar Juma'a ba. Ashe barcin da nake yi ina jin ni kaɗai na iya, da ni da gari duka muke yin sa.

Sai aka samu mai tafiya. Wani dattijo ne ɗan garinmu da ke gadin wani gini a unguwar Malaz, muna ce masa Kawu. Ya haura shekara ashirin a Riyad, gwiwa ta fara ba shi labari, ya ce zai koma gida gaba ɗaya. Tun saura wata guda ya sanar da mu ranar: Juma'a kaza, da an sallame daga masallaci zai kama hanyar filin jirgi. Kowa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan sanarwa. Kafin sati biyu ɗakin Kawu ya cika da saƙonni har ba wurin shimfiɗa tabarma, wannan dabino, wannan bargo, wannan tukunyar dafa shinkafa da aka naɗe da tsumma. Kawu ya ce da ni, "Na Innarka na ware masa wuri a jakar hannu. Ka kawo da wuri."

Juma'ar farko na ce gajiya. Ta biyu aka gayyace mu cin shinkafa da rago a ɗakin wasu 'yan'uwa, kuma duk wanda ya san abin da muke ci sauran kwanaki ba zai ga laifina ba. Ta uku na ce ai saura sati guda cif. Na riga na san inda zan je, domin na sha kai uwargida Dira, tsohuwar kasuwar tsakiyar gari, na ga layin masu yadi da idona. Lissafina shi ne in yi sammako ranar tafiyar, in saya, in kai wa Kawu, mu yi Juma'a tare, in kai shi filin jirgi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ranar Alhamis da yamma na roƙi kafilina, wato maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ara mini mota gobe da safe zan je kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kasuwa? Juma'a? Da safe?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo mukulli. Ni a wautata na zaci himmata ce ta burge shi.

Ƙarfe bakwai na fito. Titin da kullum nake zagin kaina a kansa saboda cunkoso, ranar fayau yake, ko keke babu. Fitilun hanya suna ta canza launi ba mai kallonsu sai ni. Na riƙa yi wa kaina kirari a zuci, wai na riga Larabawa tashi. Cikin ɗan lokaci na isa Dira, na samu wurin ajiye mota a bakin layin masu yadi, wurin da ko uwargida ba ta taɓa samu ba.

Duk ƙofofin ƙarfe ne a sauke, daga farkon layi har ƙarshe, kowacce da kwado. Ban damu ba, na ce sammakona ne ya yi yawa. Na zaga ta wajen tsohuwar ganuwar Masmak na kalli ginin ƙasa, na ga bai fi na gidan kakana kyau ba, na dawo. Ƙarfe takwas, shiru. Ƙarfe tara, ni da kuliyoyi uku. Ɗaya daga cikinsu ma ta gaji da ni ta tafi.

Can sai ga wani mutum da tsintsiya da rigar masu shara, yana tafe yana waƙa ƙasa-ƙasa da Hausa. Na yi masa sallama kamar na ga ɗan ɗakinmu. Daga amsawarsa na gane mutumin Maraɗi ne.

Ya ce, "Mi kake jira nan, ɗan'uwa?"

Na ce masu yadi nake jira su buɗe.

Ya jingina da tsintsiyarsa, ya ƙare mini kallo. "Kai baƙo na, ko? Yau Juma'a ta. Ba su buɗewa sai bayan la'asar. Larabawan ga kwana sukai, ko gobara ba ta tashe su."

Na ce la'asar ta yi mini nisa, mai tafiyar ƙarfe ɗaya zai bar gari. Ko ya san gidan ɗaya daga cikin masu shagunan?

Ya yi dariya har tsintsiya ta faɗi. "Gida? Shekara tara ina sharar ƙofar mutumen ga, ban san ko a sama yake kwana ba. Ka tai ka dawo, Allah shi ba da haƙuri."

Nan raina ya ɓaci, kuma da yake ba na son in ga laifina, sai na ɗora wa garin. Wane irin gari ne wannan? A garinmu safiyar Juma'a kasuwa cike take, mai nama na sara, mai kayan miya na yayyafa ruwa, ba a rufewa sai liman ya kusa hawa mumbari. In ma ka tarar da shago a kulle, maƙwabcinsa zai nuna maka gidan mai shi, ka je ka yi sallama, ya fito da 'yar shara yana mita, ya ɗauko mukulli ya biyo ka. Balle a ce likkafani ne, ai ko a wurin ɗaurin aurensa yake zai taso. Amma nan mutane sun gina shago mai hawa uku, sun cika shi da haja, sun kunna masa na'urar sanyi, sun tafi sun kwanta.

Na shiga mota na fara zagaye. Manyan kantunan nan masu gilashi, a rufe. Shagon tela, a rufe. A Malaz na samu wata bakala, ƙaramin shagon kayan masarufi, a buɗe. Na faɗa ciki na haɗa Larabcina na wata biyar da nuni da hannu, na ce fari nake so, dogo, na naɗewa. Mai shagon ya gyaɗa kai kamar ya gane sarai, ya shiga ciki ya fito mini da naɗin farar leda irin wadda ake shimfiɗawa a ci abinci a kai. Na tsaya ina kallon ledar, na tuna wa za a naɗe, na ji kunya ta rufe ni har wuya. Yunwa kuma ta taso, domin ko shayi ban sha ba. Na nufi wurin mai wake da gurasa da ke kusa, ina isa yana jan ƙofa, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sala, sala," wato lokacin salla ya yi. Da yadi da karin kumallo, duk Juma'a ta cinye.

Bayan an sallame na samu Kawu a ƙofar gini, jakunkuna jibge, ya sha sabuwar jallabiya. Ya miƙo hannu. Na gaya masa gaskiya. Ya tauna asawakinsa, sannan ya ce, "Kai yaro, wata guda fa na ba ka." Na ce haka ne, Kawu. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Jirgin nan a Kano zai sauke ni. Kasuwar Kwari tana nan, ba ta barci, sai in saya a can. Fari ai fari ne. In fesa masa turaren nan na itace, ka samo mini leda mai rubutun Larabci. Wa zai gaya mata?"

Da na ce a'a a nan, da yau ina da abin alfahari da zan rubuta. Ban ce ba. Da gudu na koma bakala na roƙo leda mai rubutu, har ina zaɓen wadda ta fi yawan Larabci. Na kai Kawu filin jirgi, muka yi sallama. A hanyar dawowa, la'asar ta wuce, sai ga ƙofofin shaguna suna ta tashi ɗaya bayan ɗaya, masu su sun fito fes da su, sun sha barci sun ƙoshi. Ban taɓa jin haushin buɗaɗɗen shago ba sai ranar.

Abin da ni da Kawu muka manta shi ne, Inna ta shekara talatin tana sayar da yadi a cikin gida. Matan unguwa kaf a ɗakinta suke yankan na salla da na suna.

Kwana takwas bayan nan ta kira.

"Saƙo ya iso," in ji ta. "Allah Ya yi albarka."

Na ce amin.

"Na auna shi daga hanci zuwa yatsa, yadi goma cif. Su can na ji da mita suke yanka. Bakinsa kuma yagawa aka yi da hannu, irin na yaran Kwari. Turaren ma ya yi yawa, abin gaskiya ba ya bukatar turare haka."

 Na fara kame-kame, Juma'a ce, kasuwa a rufe, mutanen nan ba sa buɗewa sai la'asar.

Ta ce, "To. Na yanka wa jikokina riguna da shi. Ni zan jira kasuwarku ta buɗe. Amma ka sani, mai zuwa ɗaukata ba ya hutun Juma'a."

Juma'ar da ta biyo, tun ƙarfe biyu ina zaune a dakalin layin masu yadi. Mutumin Maraɗi ya wuce ya ce, "Yau ma ka yi sauri, amma da sauƙi." Mai shago bai gama ɗaga ƙofa ba na sunkuya na shiga. Na sa aka yanka, na naɗe da kaina. Sai kuma mai tafiya ya yi wuya. Wata bakwai yadin nan yana kan durowa saitin kaina, duk wayar da ta shigo daga gida sai na dubi yadin kafin in ɗauka. Barcin safiyar Juma'a kuwa tun daga nan ya ƙaurace mini.

Da hutuna ya zo, ni na kai mata da hannuna. Ta warware, ta murza bakinsa tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci, sai ta fashe da dariya.

"Kamfani ɗaya ne da na Kwari. Ko zare bai bambanta ba."

Na ce, "To Inna, duk wahalar nan ta mece ce?"

Ta ninke shi a hankali, ta ɗora a cinya. "Kai kake zaton Makka nake nema a jikin yadi. Na san inda Riyad take, ba yau ka fara gaya mini ba. Kai kana can, ranar da za a naɗe ni ba lallai kana kusa ba. So nake abin da zai taɓa jikina ya zama hannunka ya taɓa shi."

Ta sa shi a ƙasan akwatinta, ta tambaye ni ko zan ci tuwo.

Shekara biyu bayan haka wayar ta shigo, ranar Juma'a da hantsi. Ƙanena ne, ya ce Inna ta rasu, an tsayar da jana'iza kafin a tafi masallaci. Na fito tsakar gidan kafilina da waya a hannu. Yana sama yana barci, ofisoshi a rufe, masu sayar da tikiti a rufe, ba ƙofar da zan buga a buɗe mini, kuma ko an buɗe ba jirgin da zai kai ni. Na tambayi ƙanena abu ɗaya, ya ce sun duba ƙasan akwatin, sun same shi a ninke yadda ta ajiye. Na ɗauki mota na bi titin da ba kowa har Dira, na zauna a dakalin nan. Lokacin da mai shago ya zo ya ɗaga ƙofarsa, an daɗe da dawowa daga maƙabarta.