Kafin Ƙasa Ta Daskare

A arewacin jihar Montana ta Amurka, mai tsohon doki tun ganye na zuba hankalinsa ke tashi. Da zarar sanyi ya kama ƙasa, ko katafila ba ta iya haƙa rami sai hunturu ya wuce. Don haka dole mutum ya zaɓa da wuri: ko ya sa likita ya sallami dokinsa da allurar mutuwa yanzu a binne shi a gida, ko ya yi kasada, dokin ya zame a kan ƙanƙara ya kasa tashi, a ja gawarsa da tarakta a bar wa karnukan jeji.

Verla Knutson ta daɗe tana yin wannan kasada. Tsohuwa ce doguwa, mai faɗa, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tuƙa motar 'yan makaranta, har yau manyan magidanta sukan gyara tsayuwa in sun hango ta a coci. Da mijinta Leland ya rasu ta sayar da shanu, ta raba kayan aikinsa, 'ya'yan suka koma birni. Abu ɗaya ta ƙi saki: Chester, jan dokin da suka saya tun yana bin uwarsa, wanda ya yi ta kora musu shanu har bayansa ya lotsa.

Chester ya tsufa iya tsufa. Haƙoran sun ƙare, in ya tauna ingirici sai ya dunƙula shi ya tofar. Ga wata cuta ta tsofaffin dawaki da ta hana gashinsa zuba, ya yi buzu-buzu kamar tunkiya, sai Verla ta bi shi da injin aski in zafi ya shigo. Ga ciwon kofato mai tafiya yana dawowa. Kullum da safe takan jiƙa masa dusa da niƙaƙƙiyar ciyawa da ruwan ɗumi har su zama kamar kunu, ta cusa ƙwayar magani cikin tuffa. Shi kuwa ja'irin, ya cinye tuffar, ya turo ƙwayar da leɓe, ya tsaya yana kallonta.

"Ni za ka yi wa wayo?" takan ce. "Na ga irinka da yawa a kujerar baya."

Matar da yara ke tsoro ita ce ke durƙusawa da ƙyar tana shafa wa doki mai a gwiwa, tana ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya mutu. Tana ƙaunarsa ƙwarai, kuma ba ta ɓoyewa.

Maƙwabcinta Orval Skogen shi ke da motar haƙa a yankin. Duk kaka sai ya faɗo gidanta, ya sha gahawa, ya ci kek ɗinta, sannan ya soma.

"To Verla, bana fa? In haƙa?"

"Haƙa naka tukuna. Ka fi shi tari."

"Ni ai da haƙorana."

"Na kanti? Ci ka tashi, tsohon banza."

Sai su yi dariya, ya tafi. Ba taurin kai kaɗai ba ne, tana da abin da take dubawa. Kowace safiya, kafin ta ajiye bokiti, takan duba haƙarƙarin Chester da wutsiyarsa. In ta ga ɓuntun ciyawar da take shimfiɗa masa ya manne a jikinsa, to ya kwanta ya yi barci, ya kuma tashi da ƙafarsa. Dokin da ke iya tashi yana iya ƙetare hunturu.

Bana sai ta wayi gari jikinsa fes. Washegari ma haka. Ta ƙara masa shimfiɗa mai laushi, ta ce wa kanta ko bai ji barci ba ne. Da aka kwana biyu ta ga gwiwoyinsa na gaba sun ƙuje, jini ya bushe a kai. Likitar dabbobi ta zo ta duba, ta faɗi abin da Verla ta riga ta sani: yana tsoron kwanciya, don ya san tashi zai yi masa wuya. A tsaye yake gyangyaɗi har gwiwa ta lanƙwashe ya kife. Aka canza magani, aka jira, ba a ga sauyi ba. Ruwan kwatarniyarsa kuma ya fara yin ɓawon ƙanƙara da asuba.

Ita da kanta ta kira Orval. Wannan karon bai yi zolaya ba. Ya zo ya haƙa a kan tudun bayan barga, ya tafi ko gahawa bai sha ba.

Ranar da aka sa za a yi masa allurar ƙarshe sai gari ya waye da rana mai daɗi, ba iska, sama tas. Verla ta taje masa geza, ta yanki ɗan gashin wutsiyarsa ta sa a aljihu. Da ta buɗe ƙofar barga, Chester ya ɗaga kai, ya yi haniniya, ya kama sassarfa ya zagaya fili, wutsiya a sama. Rabon da ya yi haka har an manta.

Orval, wanda ke jingine da shinge, ya cire hula ya mayar.

"Ke Verla, dube shi fa! Wallahi da sauransa. Bari in je in cike ramin nan, ba abin da zai ci ni. Mu ba shi shekara guda."

Ta so ta ce to. Ba ta taɓa son wata kalma kamar yadda ta so wannan ba. Ta tsaya tana kallon dokin har ya dawo ya tsaya gabanta yana haki, ƙafafun baya na karkarwa.

"Shi ya sa sai yau, Orval," ta ce. "In na bari, wata safiya zan same shi kwance a kan ƙanƙara yana kallona, ni ba ƙarfin ɗaga shi, likita ba hanyar zuwa. Gara ya tafi rana na dukan bayansa."

Motar likita ta shigo. Verla ta sa masa ragama, suka nufi tudu, kansa daidai kafaɗarta, igiyar a sake. A rabin hanya akwai wata 'yar ƙorama, bakinta da sauran ɗanyar ciyawa, irin wadda aka daɗe da hana shi saboda tana tayar masa da ciwon kofato. Ya tsaya, ya waiwaye ta. Ta sakar masa igiya, ya sunkuya ya kama tsinka da dasashi.

Likita ta iso da jakarta, ta tsaya a gefe.

"Ɗan jira, 'yata," in ji Verla, hannunta a wuyansa, hawaye na bin kumatunta. "Bai gama ci ba."