Lambobin Tasi'u da surukarsa

Wata rana ƙanena Tasi'u ya raka matarsa Hajara gaishe da mahaifiyarta.

Tasi'u digiri na uku yake yi a lissafi, kuma aikin ya cije. Jami'a ta ce in bai kammala a zangon nan ba, ya tattara ya tafi.

Wai akwai wani lissafi da ake ninkawa, a yi ta ninkawa babu iyaka. A kan wasu lambobi amsar takan fito tsaf, a kan sauran kuwa shirme. Ya gano lambobin, amma dalilin ya gagare shi.

Bawan Allah ya rame kamar kazar mayu. Ko tuwo yake ci, lambobin yake gunaguni.

Surukar tasa fa? Hajiya Uwani, farfesar lissafi da ta yi ritaya.

Na ce ya tambaye ta. Ya zaro ido: "Yaya, surukata ce fa! Kuma fanninmu ba ɗaya ba."

Kun san halin namu. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya gaishe ta ta bayan labule, ya arce.

Ranar nan yana durƙushe, Hajara ta fasa ƙwai.

"Mama, ki sa shi a addu'a. Ba ya cin abinci, sai uku, takwas, goma, sha huɗu..."



Sai muryar Hajiya daga ciki: "Sha biyar, ashirin da ɗaya, ashirin da huɗu."

Tasi'u ya manta da kunya. "Hajiya, a ina kika san su?"

"Malam, ai 'ya'yan gidana ne. Girman nau'o'in aljabarar da ake kira Lie ke nan, kowace da lambarta. A kansu na yi furfura. Cire takalmi ka shigo."

Wayyo Tasi'u! Ya zauna a gefen tabarma, gumi sharkaf, ido a ƙasa. Ita kuwa ta nuna masa yadda tsarin aljabarar, wadda ke nazarin juyi da daidaiton siffa, yake haifar da wannan ninki nasa. Ƙofar da ya yi ta bugawa, ashe mabuɗinta na hannun matar da yake gudu.

Ya kare aikinsa a gaban malamai kafin zangon ya ƙare. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da muka je godiya, Hajiya ta ce ita ke da godiya.

"Tun da na bar aiki kowa lafiyar ƙafata yake tambaya. Shi kaɗai ya tambaye ni abin da na sani."

Darasi: Kunya ado ce, amma kada ta hana ka tambaya. Dattijon da kake gaisarwa ka wuce, wataƙila jira yake a tambaye shi.

Tura wa wani mai gudun surukai, ka ce Yayar Tasi'u na gaishe shi.