Ranar da Na Kira Shanun Baffa da Sifika

Duk faɗin Tamale, daga Sagnarigu har Dungu, babu mai kunnen haɗa sauti irin nawa. Ni na faɗa, kuma har yau ba wanda ya ƙaryata ni sai uwargidana, ita kuwa ba a sa ta a lissafi, tunda kullum a kanta nake gwaji.

Ainihin sana'ata sayar da kayan moto, wato babur, a Changli. Amma tun da ƙanena ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa da manhajar haɗa kiɗa a ciki, na kwashe doyar da ke ɗakin ajiya na ce daga yau sunansa situdiyo. Na jingina katifa a bango, na ɗaure makirfo a jikin tsohuwar fanka. Duk abin da ya yi ƙara a garin nan na ɗauka: dakan sakwara, ham ɗin keken haya mai ƙafa uku da muke ce wa yalo-yalo, tarin maƙwabcina. In da adalci a duniya, da yanzu mutanen Accra na layi a ƙofata.

A bayan Dungu akwai wani dattijon Bafillace da muke ce wa Baffa. Matarsa, Inna, ita ke kawo mana nono. Wata rana na kai masa tayar moto, na tarar yana kiran shanunsa. Wani dogon kira ne, yana hawa yana sauka, sai da gashin jikina ya tashi. Na zaro waya na ɗauka, da niyyar wata rana in sa shi cikin kiɗa. Baffa ya dube ni ya ce, "Malam, kai dai ba ka da aikin yi."

Da damina ta yi nisa, Inna ta zo da nono ba fara'a. An yi wa Baffa aiki a maƙogwaro, likita ya ce kada ya ɗaga murya sai ya warke. Shanun kuwa ba su san kiran kowa ba sai nasa. Ɗansa ya yi ta kira har ya dishe, suka mai da shi rediyo. Ga gonar masarar wani Badagombe a gefen makiyayar, ta fara fitar da gemu. Sun taɓa afka mata, mai gonar ya yafe. In suka sake, dattawan ƙauyen sun ce sai dai Baffa ya tashi da rugarsa daga wurin da ya haifi duk 'ya'yansa.

Na bugi ƙirji. "Inna, ki kwantar da hankalinki. Muryar Baffa na cikin aljihuna!"

"To Allah ya sa," ta ce, tana kallon uwargidana, uwargidana tana kallon sama.

Na zauna a kan aikin nan kamar mai gyaran jirgi. Na cire ƙarar iska, na cire kukan zakaran da ya shigo tsakiya. Na ga muryar tsohon tana rawa, na miƙe ta sambal. Na ƙara amsa-kuwwa. Daga nan hannuna ya fara ƙaiƙayi, na ce ai 'yar ganga a ƙasa ba za ta ɓata komai ba. Gangar ta ji kaɗaici, na ƙara mata jita.

Bayan la'asar na ɗaura babbar sifika a bayan moto, sai ruga. Na tarar shanun sun kusa bakin gonar, mai gonar na tsaye da fartanya a kafaɗa, gaisuwar ma da ƙyar ya amsa. Baffa na zaune a kan kututture, wuyansa naɗe da farin ƙyalle.

"Baffa, yau za ka ji kanka kamar yadda ba ka taɓa ji ba," na ce, na danna.

Jama'a, ban taɓa sanin saniya na iya tsalle haka ba. Da gangar ta faɗo, suka ɗaga wutsiya suka watse, wasu daji, wasu suka nufi masara kai tsaye. Mai gonar ya sa ihu da Dagbanci. Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Ni kuwa gumi har cikin takalmi. Na kashe, na lalubo wancan na asali a waya, wanda ban taɓa ba, da iskarsa da zakaransa, na haɗa da sifikar.

Muryar Baffa ta tashi, da rawarta da komai.

Wata tsohuwar farar saniya, ƙafarta ta gaba har ta taka kunyar farko, ta tsaya cak. Ta juyo da kunne. Ta yi wani kuka mai taushi, ta kamo hanya, sauran suka biyo ta a jere, har waɗanda suka shiga daji. Suka wuce ni da sifikata kamar ba mu nan, suka kewaye Baffa suna shinshinar rigarsa. Ya ɗora hannu a goshin farar, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Mai gonar ya sauke fartanya ya fashe da dariya. Ya ce in dai za a kunna wannan kullum da yamma, shi ba shi da magana, Baffa ya zauna abinsa. Nan take na tura wa ɗan Baffa kiran na asali a wayarsa, na ce sifikar ma su riƙe har tsoho ya warke.

Hankali ya kwanta, bakina ya dawo. Na ce, "Kun dai gani da idonku. A ƙasar Ghana wane mai haɗa kiɗa ne masu sauraronsa suka taɓa zuwa da gudu haka?"

Baffa ya yafito ni. Na durƙusa na kai kunne kusa da bakinsa, ina jiran albarka. Cikin raɗa ya ce, "Malam, na farkon nan mai ganga, ka ba mai gonar. Ko biri ba zai ƙara shiga masararsa ba."